Ku Maida Mata Gangarta

Yau maganata a kan wasu mawaƙa biyu ce 'yan ƙasar Amurka, wa da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, Richard Carpenter da Karen Carpenter, waɗanda duniya ta sani da suna Carpenters. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, to mu ina ruwanmu da mawaƙan Turawa, waɗanda ɗayarsu ma ta daɗe a ƙasa? Ki yi haƙuri ki karanta tukuna 'yar'uwa, domin abin da masu shirya finafinai suka yi wa wannan baiwar Allah bayan mutuwarta, abu ne da ake yi wa mace a ko'ina, kuma da idanunmu da kuɗinmu ake yin sa.

An haifi Richard a 1946, ita kuma Karen a 1950, a garin New Haven. A 1963 iyayensu suka kwashe su suka koma garin Downey da ke jihar Kalifoniya, kuma ɗaya daga cikin dalilan ƙaurar shi ne a matsar da Richard kusa da kasuwar waƙa, saboda shi ne ɗan da gida ya sa wa ido, gwanin fiyano tun yana ƙarami. Ita Karen ba wanda ya sa mata rana. A makarantar sakandare ta ɗauki sandunan ganga da kanta, ta nace, har ta gagari samarin da suka riga ta farawa. A 1966 ƙungiyarsu ta mutum uku ta ci gasar makaɗa a dandalin Hollywood Bowl, tana 'yar shekara 16, tana zaune a bayan ganguna. A 1969 kamfanin A&M ya ɗauke su, shekara na zagayowa waƙarsu mai suna Close to You ta hau ta ɗaya a Amurka, daga nan kuma sai abin ya zama kamar wutar daji. Sun ci lambar Grammy har uku, sun yi wasa a fadar shugaban Amurka a 1973, Ingila da Japan kuwa kamar su haɗiye su don so. Ranar 4 ga Fabrairu 1983 Karen ta yanke jiki ta faɗi a gidan iyayenta, zuciyarta ta tsaya, tana da shekara 32, bayan ta yi shekaru tana fama da cutar ƙin abinci wadda likitoci ke kira anoreksiya.

To yanzu ki ɗauki waya ki rubuta sunanta a intanet, ki ce kina neman fim na tarihin gaskiya a kan su biyun, irin wanda ake haɗawa da tsofaffin hotuna da hirar waɗanda suka san su. Me za ki tarar a sama? Fuskarta a lokacin da ta fi ramewa, ƙasusuwan wuya a waje, an ƙawata da manyan haruffa ana kiranki ki zo ki ga yadda ta ƙare. Wannan ya ce sirrin mutuwarta, wancan ya ce kwanakinta na ƙarshe. Akwai ma wani shirin talabijin mai suna Autopsy wanda sana'arsa ke nan, ya ɗauko takardar binciken gawar shahararren mutum, a zaunar da likita yana bi layi layi, kuma sun yi kashi guda a kan Karen. Haba jama'a! Mace ta yi shekara 14 tana aiki kamar ba gobe, ta bar muryar da har yau mawaƙa ke jinjina mata, amma abin da aka ga ya dace a tallata shi ne abin da aka tarar a jikinta bayan rai ya fita. Ko mahauci ya san kunya fiye da haka.

Ki kwatanta da kanmu. Mu da muka san kiɗan ƙwarya, muka san marigayiya Barmani Choge da ta rasu a 2013, a ce yau wani ya zo ya haɗa fim a kanta, daga farko har ƙarshe gadon asibiti kawai yake nunawa, babu ƙwarya, babu amada, babu gidan biki. Wace mace ce za ta yarda an ba da tarihin Barmani? To haka ake yi wa Karen, kuma masu kallo suna tafawa da hawaye.

Bari mu bi finafinan da ke da suna ɗaya bayan ɗaya, amma kafin nan akwai wani ƙulli da sai kin gane shi za ki gane komai. Waƙoƙin Carpenters dukiya ce mai masu ita. Duk wanda zai saka su a fim sai ya nemi izini ya biya, kuma wanda zai nemi izini a wajen dangi da kamfani ba ya ɗaga musu murya. Saboda haka mai fim yana tsakanin abu biyu, ko dai ya samu waƙoƙin ya tausasa harshe, ko kuma ya saki harshe ya rasa waƙoƙin. Mai abu shi ke da iko da abinsa, an ji, amma ke mai kallo ya kamata ki san a inuwar wa aka zauna aka ba ki labari.

Na farko wanda ya fi kowanne shiga gidaje shi ne The Karen Carpenter Story, wanda tashar CBS ta nuna ranar 1 ga Janairu 1989. Wasan kwaikwayo ne, Cynthia Gibb ta fito a matsayin Karen, amma mutane da yawa har yau sun ɗauke shi tamkar tarihi. Richard da kansa yana cikin manyan masu shirya shi, an ɗauki wasu sassa a ainihin gidan iyayen, kuma an sa wa jarumar ainihin tufafin marigayiyar. Idan kin ji haka sai ki ce to ai gaskiya ta ƙare. Ina! Marubucin fim ɗin, Barry Morrow, ya bayyana daga baya cewa an yi ta sa shi gyaran rubutu domin a sassauta yadda aka nuna uwar, Agnes. Fim ɗin ya ƙare da uwa tana gaya wa 'yarta tana son ta, kowa ya share hawaye ya tafi ya kwanta da sanyin rai. Sannan akwai wajen da aka nuna Karen tana karanta wata mujalla da ta kira ta ƙanwar Richard mai jiki, wai daga nan ciwon ya samo asali. Masu bin diddigi sun nemi wannan rubutun ba su same shi ba. Amma duba yadda ƙaryar ta yi amfani: an ɗauke nauyi daga kan gida da kamfani da wahalar yawon wasa, an ɗora wa wani ɗan jarida da ba shi da suna. Shi kansa Richard daga baya ya nuna nadamar shiga aikin.

Na biyu kishiyar na farko ne. A 1987 wani matashi mai suna Todd Haynes, wanda daga baya ya zama babban darakta, ya haɗa wani ɗan fim na minti 43 mai suna Superstar. Maimakon mutane sai ya yi amfani da 'yan tsana irin su Barbie, kuma yayin da labarin ke tafiya sai ya riƙa sassaƙe fuska da hannayen 'yar tsanar da ke matsayin Karen har ta tsotse. Dabara ce mai ratsa jiki, domin yana nuna yadda aka maida mace abin wasa, a sa mata kaya, a ajiye ta inda ake so. Ya fito da uwar da wan a matsayin masu danne ta, ba sassauci. Sai dai ya saka waƙoƙinsu ba tare da izini ba, Richard ya kai ƙara, a 1990 aka hana nuna fim ɗin, tun daga nan a ɓoye yake yawo daga hannu zuwa hannu. 'Yan boko na son sa ƙwarai, suna cewa shi ne ya faɗi gaskiya. Ni ban bi su gaba ɗaya ba. Wanda ya ce zai ƙwato wa mace 'yanci amma ya ƙare da sassaƙa ta da wuƙa a gaban jama'a, shi ma jikinta ya sayar, sai dai kasuwarsa ta masu ilimi ce. Kuma hasashen mutum ɗaya ne wanda bai taɓa zama da su ba, kada ki ɗauke shi shaida.

Sai kuma na gaskiyar, masu hira da hotuna. A 1997 tashar PBS ta Amurka ta nuna Close to You: Remembering the Carpenters, a 2007 kuma BBC ta fitar da Only Yesterday: The Carpenters Story. Idan waƙa kike so ki fahimta, nan za ki fara, musamman na 1997, domin Richard ya zauna ya yi bayanin yadda yake tsara kiɗa, yadda su biyu kacal suke rera murya a kan murya sau da yawa har ki ji kamar taron mutane ne ke amshi. A nan dole a ba shi haƙƙinsa. Masu zaginsa suna mantawa cewa shi ya san inda muryar ƙanwarsa ta fi daɗi, wato ƙasa ƙasa, ya riƙa zaɓo mata waƙoƙin da suka dace da wurin, kuma shi ma bai tsira ba, a farkon 1979 sai da aka kwantar da shi a asibiti a jihar Kansas saboda ƙwayar barci ta kama shi. Amma duk da haka, ki lura da wanda ke magana. Wa ya yi magana, shugaban kamfani ya yi magana, marubutan waƙa sun yi magana. Mai labarin ita kaɗai ce ba ta da baki, sai dai a ɗauko guntuwar tsohuwar hira a liƙa.

A 2023 aka fitar da Karen Carpenter: Starving for Perfection, wanda Randy Schmidt ke cikin masu shirya shi, shi ne kuma ya rubuta littafin tarihinta mai suna Little Girl Blue a 2010. Wannan ya yi ƙoƙari, ya ba mata dama su yi magana, ciki har da ƙawarta Olivia Newton-John da ita Cynthia Gibb, ya kuma saka wasu hirarrakin da muryar Karen da kanta. Ta hanyar binciken Schmidt ne aka ji bakin ƙawayenta cewa uwar ta fi karkata ga ɗanta namiji, kuma Karen ta rayu tana neman kalmar yabo daga gida. Ina ba ki shawara ki kalle shi. Amma dubi sunansa kawai. Yunwa aka sa a gaba. Ko masu son ta da gaske, da suka zo sa wa fim suna, ciwon suka kira, domin sun san shi ke jawo ido.

Wata za ta ce, ai maganar ciwon tana da amfani, mutuwarta ce ta sa duniya ta farka. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Likitoci sun san cutar tun 1873 da wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa mata suna, amma talaka a Amurka bai san da ita sosai ba sai da ta kashe wadda yake jin muryarta a rediyo kullum. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, mai ita tana kallon madubi tana ganin ƙiba alhali ƙashi da fata ne, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, saboda yunwa na cinye tsokar zuciya tana rikita gishirin jini. Karen ta fara rage cin abinci tun 1967 tana 'yar shekara 17. A 1975 nauyinta ya sauka zuwa kusan kilo 41, jiki ya ƙi, aka soke tafiyar wasansu zuwa Ingila da Japan. Ta sha magungunan zawo da na ƙara ƙona abinci a jiki. A 1982 ta tafi birnin Niyok neman magani, har aka kwantar da ita a asibiti a watan Satumba, ta koma gida a Nuwamba ana ganin kamar ta farfaɗo, bayan wata uku ta rasu. Duk wannan a faɗa, a kuma faɗa wa 'yan mata, tunda mu ma nan bakinmu bai iya shiru a kan jikin mace ba: wannan an ce mata ta rame kamar miji ba ya ciyar da ita, ta ruga ta sayi ƙwayar ƙiba, waccan an ce ta yi tumbi bayan haihuwa, ta koma shan shayin rage jiki da ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Amma akwai bambanci tsakanin likita da ke bayyana cuta don a kiyaye da ɗan kallo da ke leƙen gawa. Wanda ya nuna miki hoton ramarta sau goma a cikin minti biyar yana sa kiɗan tausayi a ƙasa, ba lafiyarki ce ta dame shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganga. Karen ta sha faɗa da bakinta cewa ita makaɗiya ce da take waƙa, wato gangar ce a gaba a wajenta. A faifansu na farko na 1969 ita ta kaɗa. A faifan Now & Then na 1973 ita ta kaɗa kusan duka waƙoƙin. Amma tun wajen 1971 aka fara matsa mata cewa ta taso daga bayan ganguna ta tsaya a gaba, wai 'yan kallo ba sa ganin ta, ita ƙarama ganguna sun rufe ta. Ta ƙi, aka nace, daga ƙarshe ta bi. Yarinyar da ke da wurin fakewa, hannu da ƙafa duk suna aiki, sai ga ta tsaye ita kaɗai cikin doguwar riga, fitilu a kanta, dubban idanu suna auna ta daga sama har ƙasa. Ban ce wannan ne ya jawo ciwon ba, domin cuta irin wannan ba ta da dalili ɗaya. Abin da na ce shi ne, an raba ta da gangarta tana raye, sannan masu fim suka zo suka sake raba ta da ita bayan ta mutu, su ba gangar minti biyu su ba sikeli awa guda.

Sannan akwai faifanta na ita kaɗai, wanda yawancin masu ba da labari ke wucewa da gudu. Lokacin da Richard ke jinya a 1979, Karen ta tafi Niyok ta yi aiki da wani gwanin haɗa faifai mai suna Phil Ramone. A karon farko ta zaɓi waƙoƙinta, ta rera irin na manyan mata, ta gwada salon da ba a saba ji daga bakinta ba. Ta gama a 1980, ta kawo wa shugabannin kamfani da wanta suka saurara, ba su nuna sha'awa ba, aka ajiye faifan a kabad. Tana da shekara 30 a lokacin, ta riga ta tara wa kamfanin dukiya mai yawa, amma ba ta isa ta ce a fitar da aikinta ba. A watan Agustan wannan shekara ta auri wani ɗan kasuwar gidaje, auren bai yi daɗi ba, kafin ƙarshen 1981 sun rabu. Faifan bai fito ba sai 1996, shekara 13 bayan an binne ta. Kowace mace da ta taɓa yin abu da hannunta ta kawo gida da murna, aka kalla aka ce ajiye tukuna, ta san nauyin wannan. Fim ɗin da ya tsallake 1980 ya ruga 1983, ki san ya tsallake tsakiyar labarin.

Ga wata hira kuma da ke yawo, ta 1981, lokacin da suka je Ingila. Mai gabatar da shiri a BBC, Sue Lawley, ta tambaye ta kai tsaye a gaban kyamara ko tana fama da cutar masu rage jiki. Karen ta musa, ta ce gajiya ce kawai. Masu yanka bidiyo na son wannan guntun kamar me, suna maimaita shi suna tsayar da hoton a kan idonta. Ni idan na gan shi, abin da nake gani shi ne mara lafiya da aka tsare a kasuwa ana tambayar ta sirrinta, ta rasa mafita sai musu. Wace ce cikinmu za a yi wa haka a gaban baƙi ta ce e?

To ina za ki same ta? Ki bar masu ba da labari, ki nemi inda take aiki. BBC ta ɗauki wasansu a 1971, nan za ki gan ta zaune a bayan ganguna tana kaɗawa tana rerawa lokaci guda, murya ba ta rawa, hannu ba ya kuskure, abin da ƙwararru da yawa ba su iyawa. Akwai wasansu na zauren Budokan a Tokyo a 1974. Sai kuma shirinsu na musamman na farko da tashar ABC ta nuna a 1976, inda aka jera mata ganguna kala kala a kan dandamali, tana gudu daga wannan zuwa wancan, tana kaɗa su tana dariya kamar yarinyar da aka sako daga makaranta. Ki lura da shekarar, 1976 ce, ciwon ya riga ya kama ta, jikin ya ragu ƙwarai, amma da sanduna suka shiga hannunta sai fuskar ta canja gaba ɗaya. Ki fara da waɗannan ukun, sannan ki kalli na 1997 don ki ji bakin wan, ki biyo da na 2023 don ki ji bakin ƙawaye, ki kuma nemi faifan 1996 ki saurara da kunnenki ki yanke hukunci ko ya cancanci zaman shekara 16 a kabad. Na binciken gawa kuwa, idan ya faɗo miki a waya, ki ture shi da yatsa ki wuce, domin duk taɓawa ɗaya da kika yi kuɗi ne a aljihun wanda ya haɗa shi, kuma gobe zai haɗa wani a kan wata.